Wai Bonn ce babban birnin Jamus ko Berlin?

Ɗan Kantin Kwari:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah masu ilimin tarihi ku raba mana gardama. Jiya da daddare muna jin rediyon Jamus da Baba sai ya ce ai Bonn ce babban birnin ƙasar shi ya sa daga can suke watso shiri, na ce Baba Berlin ce fa, ya ce shi tun yana saurayi Bonn ya sani. Ban so ja da shi ba sai na yi shiru. Sannan katangar Berlin ɗin nan ta daɗe tana ɗaure min kai, na duba taswira na ga garin can cikin gabas yake, to ta yaya katangar cikin gari ɗaya za ta raba ƙasa biyu?

Malamin Sakandare:
Wa alaikumus salam. Kai da Baba duk kuna da gaskiya, kowa da zamaninsa. Da aka ci Jamus da yaƙi a 1945 sai Amurka da Birtaniya da Faransa da Tarayyar Sobiyet suka kasa ƙasar gida huɗu, ita ma Berlin aka kasa ta huɗu duk da tana tsakiyar kason Sobiyet. A 1949 kason ukun nan suka haɗe suka zama Jamus ta Yamma suka ɗauki Bonn a matsayin mazaunin wucin gadi, kason Sobiyet kuma ya zama Jamus ta Gabas ta riƙe gabashin Berlin. To ka ga yammacin Berlin ya zama kamar tsibiri a cikin ƙasar kwaminis, har a 1948 Sobiyet ta toshe duk hanyoyin mota da jirgin ƙasa da na ruwa, kusan wata goma sha ɗaya abinci da gawayin kwal ta jirgin sama ake kai musu.

Ita katangar kuwa zagaye yammacin Berlin aka yi da ita, kusan kilomita 155. Iyakar ƙasashen biyu daban take, ita ma an shinge ta tun 1952, sai Berlin ta zama ƙofa ɗaya da ta rage, mutum ya hau jirgin cikin gari ya sauka a yamma shike nan ya tsere. Mutum sama da miliyan biyu da rabi suka gudu kafin 1961, likitoci da injiniyoyi da matasa, shi ne ranar 13 ga Agusta 1961 aka wayi gari an ja waya mai ƙaya, daga baya aka zuba kankare.

Mazauniyar Neukölln:
Malam Allah ya ƙara ilimi. Ni a garin nake zaune, kuma har yau in kana tafiya za ka ga layi biyu na duwatsu a ƙasa suna nuna inda katangar ta bi. Ranar da na je titin Bernauer na ga hotunan waɗanda suka mutu sanadin katangar wallahi sai da na yi hawaye, aƙalla mutum 140 ne, a titin nan gidajen suna gabas amma bakin titin yana yamma, mutane suka riƙa dirowa ta taga har aka toshe tagogin da bulo. Ka yi tunani yayarka tana aure a tsallaken titi amma shekara da shekaru ba halin ka je suna ko ta'aziyya sai da izini, wani ma ba ya samu.
Buɗewar ma da ruɗani ta zo, ranar 9 ga Nuwamba 1989 wani jami'in gwamnatin gabas Günter Schabowski yana taron manema labarai ya karanta sabuwar dokar tafiye-tafiye, aka tambaye shi yaushe za ta fara aiki ya ce nan take, jama'a kuwa suka yi ɗango a bakin iyaka har masu gadin mashigar iyaka ta titin Bornholmer suka rasa yadda za su yi suka buɗe.

Malamin Sakandare:
Haka ne Hajiya. Na manta ban ƙarasa maka zancen Bonn ba. An haɗe ƙasar 3 ga Oktoba 1990, amma sai Yuni 1991 majalisa ta kaɗa ƙuri'a kan inda gwamnati za ta zauna, Berlin ta samu 338 Bonn 320, da ƙyar fa aka sha. A shekarar ce mu ma gwamnati ta bar Legas ta koma Abuja. Su dai ba su tare ba sai 1999, kuma har gobe ma'aikatu shida ciki har da ta tsaro babban ofishinsu na Bonn. Rediyon da kuke ji da a Cologne yake, a 2003 ya koma Bonn.

Ɗan Kantin Kwari:
Na gode ƙwarai Malam da Hajiya, Allah ya saka da alheri. Yau in an idar da isha zan karanta wa Baba a wayata. Hajiya in ba damuwa ki ɗauko mana hoton layin duwatsun nan ki ɗora, ina so ya gani da idonsa.