Kuɗin tsaron da ake warewa, ta ina yake bi bai iso unguwa ba?

Baban Hafsa:
Assalamu alaikum. Ni ne ma'ajin kwamitin tsaro na layinmu a nan cikin birni. Gida 62 ne, kowane gida naira 1,000 a wata, da shi muke biyan 'yan sintiri huɗu, mu saya musu tocila da usur. Watan jiya 'yan daba suka tare ƙanena bayan isha'i, suka ƙwace wayarsa, suka sare shi a hannu. Da muka kai ƙara, sai da muka zuba wa motar 'yan sanda mai kafin ta fito. Ban ga laifinsu ba, ni na ga allurar tankin da idona. Kullum a rediyo ana cewa an ware kuɗin tsaro. Don Allah akwai kason da kwamiti irin namu zai nema, ko haka za mu ci gaba da karo-karo?

Tsohon Akawu:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, Malam. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce, ta tarayya, don haka albashinsu da kasafinsu daga Abuja suke. A 2019 Buhari ya sa hannu a dokar Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda, wadda ta ware masa kashi 0.5 cikin 100 na kuɗin asusun tarayya, don horo da kayan aiki. A 2020 kuma aka amince da wajen naira biliyan 13 don 'yan sandan al'umma. Duk don rundunar 'yan sanda ne, babu fom ɗin da kwamitin unguwa zai cika. Jiha kan ba da motoci da babura, amma rabon mota ana ɗaukar hotonsa, man yau da gobe kuwa ba mai gani. Nan ne aikin yake mutuwa.

Maman Ummi:
Ni dai ku fara da fitila. Tun da muka haɗa kuɗi muka sa masu sola uku a lungunmu, 'yan mata ke dawowa daga islamiyyar dare hankalinmu kwance. Kuma yaran nan masu wuƙa ba daga sama suka faɗo ba, mun san iyayensu. Ko da sisi ne daga kuɗin tsaron nan, a koya musu sana'a mana.

Ɗan Kantin Kwari:
Legas ta kafa asusun tsaro tun 2007, lokacin Fashola, kamfanoni da bankuna na zubawa, ana faɗin abin da aka saya. Kasuwannin Kano ba za su gaza ba in an ga amana. Amma Malam, ƙofar da ta fi kusa da ku ƙaramar hukuma ce. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu na asusun tarayya kai tsaye. Ku rubuta takarda, mai unguwa da dagaci su sa hannu, ku bi ta kansilanku. Kada ku ce "a taimaka mana", ku faɗi fitila nawa, alawus ɗin mutum nawa.

Baban Hafsa:
Na gode, Allah ya saka. Littafin karo-karonmu na shekara uku yana nan, zan haɗa kwafinsa da takardar su ga abin da muka riga muka kashe. Ranar Juma'a bayan la'asar za mu zauna da mai unguwa. Hajiya, nawa kuka sayi kowace fitila har da kuɗin kafawa?