Haɗin abincin da ya dace da hamsta

Masu kiwon hamsta, wannan ƴar dabba mai kama da ɓera da ke cusa abinci a kumatunta, sun tattauna kan haɗin da ya fi mata lafiya, kuma bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa a fara duba abin da aka rubuta a bayan ledar abincin kafin a saya. In an ga sukari ko zuma ko ƙwayoyi masu launi iri-iri, a bar shi. Wannan ya fi shafar ƙananan hamsta na nau'in da ake kira Campbell, domin ciwon suga na saurin kama su.

Haɗi mai kyau yana da hatsi iri-iri: gero, dawa, alkama, sha'ir, ɗan riɗi da ƴaƴan kabewa. Hamsta ba hatsi kaɗai take ci ba, a daji tana cin ƙwari, saboda haka a riƙa ba ta busasshiyar tsutsa ko ɗan guntun dafaffen ƙwai.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun tsince-tsince. Za ta zaɓe gyaɗa da ƴaƴan sunflower masu maiƙo ta bar sauran, sai ƙiba ta biyo baya. Wasu sun ce a koma dunƙulen pellet, wato abincin da aka niƙa aka dunƙule wuri ɗaya yadda ba za ta iya tsince wani ta bar wani ba, amma ni na fi gamsuwa da masu cewa kada a ƙara mata sai ta kusa cinye na farko. Kimanin babban cokali 1 a rana ya ishi hamstar Siriya, wato babban nau'in.

Albasa, tafarnuwa, cakulan, ɗanyen wake da duk abu mai danƙo an hana su. A kuma riƙa leƙa maɓoyarta, inda take tara abinci, a kwashe ɗanyen ganye ko karas kafin su ruɓe.