Wane katako zan sa a yi min shelf na kayan sauti?

Jama'a don Allah ku taimaka min, wata biyu kenan kafinta ya yi min shelf na MDF (allon da ake yi da garin katako da gam) don amfilifaya da sifika biyu, yanzu tsakiyar ta lankwashe saboda nauyin amfilifayar, kuma duk sanda na kara bas sai shelf din ya dinga kugi, har gilashin kofar yana karkarwa. Kafintan ya ce in koma madaci ko iroko, wai sun fi karfi, wani aboki kuma ya ce filawud mai kauri milimita 18 ya isa in an sa roba a karkashin kafafu. Damina ga ta nan, MDF kuma ba ya son danshi. Wanne zan bi?