Shin Thunder ta 2025 ta kai sahun Bulls ta zamanin Jordan?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan atisaye a Ƙofar Mata na faɗi wata magana aka yi mini caa, to ga ta nan kuma: Oklahoma City Thunder ta kakar 2024/25 ta shiga sahun manyan ƙungiyoyin da aka taɓa gani a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. A wasa 82 ta ci 68. Kuma ba da ƙyar take ci ba, in aka raba, ratar maki 12.9 ke tsakaninta da abokan karawa a kowane wasa. Tun 1972 Lakers ke riƙe da wannan tarihin, sai da yaran nan suka zo.

Koci: Wa alaikumus salam. Ƙanena, 68 ba 72 ba ce. Bulls ta 1995/96 wasa 10 kacal aka ci ta, kuma ta ɗauki kofi.

Na Gwammaja: Koci, ku yi haƙuri, in yawan ci ne ai Warriors ta yi 73 a 2016. Ta ba Cleveland 3-1 a jerin wasannin ƙarshe, LeBron na Cleveland ya dawo ya ƙwace. Wannan daren ban iya barci ba har aka kira Asuba.

Koci: Shi ya sa ban kira sunansu ba. Ni zagayen fitar da gwani nake dubawa, nan ake sanin namiji. Sau 3 aka doke Bulls a can, Thunder kuwa sau 7. Denver ta ja su har wasa na bakwai, Indiana ma haka. Kuma ku ji tsoron Allah ku faɗi abin da ya faru a wasan ƙarshen: agarar Haliburton, tauraron Indiana Pacers, ta tsinke tun zubin farko, amma duk da haka Pacers ce a gaba da aka tafi hutun rabin lokaci. Da yaron nan bai faɗi ba fa?

Ɗan Fagge: Da "da a ce" ba a ɗaga kofi, Koci. An tashi 103 da 91. Raunin ya taɓa ni ƙwarai, amma ba shi ya hana Indiana riƙe ƙwallo ba, tsaron Caruso da Dort na Thunder ne, kamar ƙudan zuma.

Yaya ta Zoo Road: Kun manta da Shai, tauraron Thunder. Gwarzon kaka, wanda ya fi kowa zura maki, gwarzon wasan ƙarshe, duk a shekara ɗaya. Rabon da a ga haka tun Shaq a 2000.

Koci: Gaskiyarki Hajiya. Jordan ma abin da ya yi ke nan a 1996, sai dai shi kofinsa na huɗu ne, ya kuma ƙara biyu a jere. 'Yan Thunder su ƙara ko ɗaya ne, ni da kaina zan sallama.

Na Gwammaja: To wa Bulls ta doke a 1996 ɗin? Seattle ce fa, wadda ta koma Oklahoma a 2008 ta zama Thunder. Ke nan kofin 1979 nasu ne, wannan na biyu?

Ɗan Fagge: A'a Malam, wannan kam ban yarda ba. Mutanen Seattle aka raba da ƙungiyarsu, a bar musu kofinsu. Namu na farko ne.