Neman suna: me za mu kira a-kori-kurar da ba ta shan mai?

Salamu alaikum jama'ar gida. Yau ƙoƙon bara na ɗauko.

Wani ɗan rahoto nake shiryawa don shirin rediyo na masu sana'ar tuƙi, sai na yi karo da wata mota da ta hana ni sakat. Wani sabon kamfani a Amurka mai suna Slate Auto ne ya nuna ta a watan Afrilun 2025, kuma cikin masu zuba masa jari har da Jeff Bezos mai Amazon. Ƙaramar mota ce mai buɗaɗɗen baya, irin wadda 'yan boko ke ce wa fikof, da batir take tafiya. Abin da ya ja hankalin mutane a kanta shi ne yawan abubuwan da aka cire mata. Babu rediyo, babu lasifika, babu gilashin nan da ake latsawa a gaban direba, sai ɗan wurin da za ka maƙala wayarka. Gilashin ƙofa da hannu ake murɗa shi kamar na Fijo 504 ɗin iyayenmu. Kujera biyu ce rak. Ko fenti ba a yi mata ba, jikin roba ne ruwan toka. Duk an yi haka ne don kuɗinta ya sauko.

Ga abin da na rubuta da farko: "ƙaramar motar ɗaukar kaya mai amfani da wutar lantarki wadda ba a yi mata ƙyale-ƙyale ba". Kalma 16 ke nan, kuma sau tara za ta fito a rahoton. Mai karantawa zai tsine mini a zuci. Ina neman gajeren suna wanda direban da ke jiran lodi zai ji sau ɗaya ya gane. Bismillah.

Direba, tashar Ƙofar Guga:
Allah shi gafarta Malam, ka wahalar da kanka a banza. Duk motar da ke da kai a gaba da bodi a baya, in ba ta kai Kanta girma ba, sunanta a-kori-kura tun kafin a haife ni. Ko da ruwan rijiya take tahiya. Ka ce a-kori-kurar lantarki ka huta.

Malamar Hausa, Katsina:
Na yarda da rabin maganar direba. A-kori-kura tamu ce, ba mu da dalilin aro fikof muna da ita. Inda na tsaya shi ne lantarki. Ku saurari yadda ake magana a kasuwa. Wa ya taɓa cewa a ba shi fitilar lantarki alhali yana nufin wadda ake jonawa ta cika a cire? Fitila mai caji ake cewa, fanka mai caji, har baburan nan da suka fara shigowa mashin mai caji yara ke kiran su. A kunnen Bahaushe abin lantarki shi ne wanda ke maƙale da waya, in an ɗauke wuta ya mutu, kamar dutsen guga ko firji. Abin da ke ajiye wutar a cikinsa ya yi yawo da ita kuwa, mai caji ne. Don haka ni a-kori-kura mai caji na zaɓa.

Mai tambaya:
Hajiya, wannan bambancin ban taɓa lura da shi ba, kuma gaskiya ne. Na karɓi mai caji. Saura ɗaya ɓangaren, wato rashin kayan alatun, don shi ne asalin labarin.

Ɗalibi, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua:
Malam, ma'anar Slate ɗin ai allo ne. Masu motar suna nufin allon da ba a rubuta komai a kai ba, kowa ya sayi tasa ya rubuta abin da yake so. Mu da muka tashi da wanke allo, me zai hana mu ce mata Allo kawai? Sannan ina da wani, amma kada a yi mini dariya: tunda a-kori-kura ce da ta rabu da gidan mai, a ce mata a-kori-fetur.

Dattijo daga Daura:
Yaro, ba wanda zai yi maka dariya, ka bi hanyar da magabata suka bi ko ba ka sani ba. Da yawa cikin yaran yanzu suna zaton kurar da ke cikin sunan nan ta daji ce. Yadda muka ji daga manyanmu, kurar turawa ake nufi, wadda 'yan dako ke loda wa buhuna su tura da ƙarfin ƙirji, irin wadda 'yan ga-ruwa ke jera wa jarkoki har yau. Da ƙananan motocin nan suka zo suka ƙwace mata lodi sai aka ce a kori kura. Ka ga sunan ya faɗi abin da motar ta zo ta tarar, ta ture. Da aka buɗe kamfanin harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975 kuwa, sai 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya suka cika hanyoyin kasuwanninmu, sunan ya zauna daram. To a-kori-fetur ta hau wannan gwadaben sarai. Allo kam a bar shi a tsangaya, kada a wayi gari ana cewa allo ya yi faci a hanyar Zango.

Mai haɗa sola, Ƙofar Ƙaura:
Baba, a gafarce ni, amma kafin a ce ta kori fetur a tambayi inda za ta sha wuta. Ƙaramin batirin da kamfanin ya sanar a 2025 kilowat-awa 52.7 ne, wato ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa. Batirin litiyam da muke sa wa gidaje yawanci 5 ne, wato sai ka jera kusan goma kafin ka kamo ta. Farantin sola mai wat 500 a ranar Katsina mai kyau zai tara maka wajen kilowat-awa biyu da rabi, ka ga kana neman faranti ashirin da ɗoriya su wuni suna aiki kafin ta cika. Can inda aka ƙera ta akwai wuraren caji na gaggawa da za su ɗaga ta daga kashi 20 zuwa 80 cikin kamar rabin awa. Nan fa? Abin da zai faru shi ne Alhaji ya saye ta, dare ya yi ba wuta, ya tada janareta ya jona. Fetur ɗin da aka kora daga tanki ya zagaya ya shige janareta. Sai dai a ce mata a-sauya-wa-fetur-ɗaki.

Direba:
Kai ɗan sola, talla kake yi mana a fakaice. Amma faɗa mini, in ta cika ina za ta kai ni?

Mai haɗa sola:
A 2025 kamfanin ya ce mil 150, wajen kilomita 240. A lokacin ya kuma ce akwai babban batir mai kai mil 240, wajen kilomita 386, in ka ƙara kuɗi. Da ƙaramin za ka je Daura ka dawo, tunda tsakaninmu wajen kilomita 80 ne. Jibiya ma ba matsala. Kano kuwa za ka isa, amma dawowa sai ka nemi inda za ka jona. Kuma lissafin nan na mota ce a kan kwalta mai laushi. Ka danna mata lodi, ka kunna na'urar sanyi a zafin watan Afrilu, ka shiga yashi, ka ga yadda zai zube.

Ɗan kasuwar hatsi, Mai'aduwa:
Ni lodin ne ya kashe mini jiki. A 2025 an ce abin da take ɗauka bai wuce kilo ɗari shida da 'yan kai ba, har da nauyin direba. Buhun gero shida ke nan in ka matsa. Wace a-kori-kura ce za ta fita kasuwa da buhu shida? Tamu sai an loda ta har gindinta ya kusa taɓa ƙasa, a ɗora awaki a sama, mutum takwas su zauna a kan buhunan. Wannan kuma ƙafafun baya kaɗai ke ja. Ni ina ganin ku bar mata sunan a-kori-kura ma zalunci ne ga tsohuwar Fijo.

Makanike, Katsina:
Alhaji, abin da kuke yi wa Fijo ai ba ita ta ce ku yi mata ba, mu da ke canza sifirin duk wata mu muka sani. Ni dai bari in faɗi alherin motar nan ko da zai rage mini ciniki. Ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba kafireta, ba salansa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, direbobi nawa na sani da suka jingine mota saboda kuɗin mai ya cinye ribar? Sannan abubuwan da aka cire matan, wallahi su ne ke kawo mana motoci gareji. Motocin Kwatano na yanzu injin lafiya lau, amma gilashi ya ƙi sauka, allon gaba ya mutu, wata fitila ta kama a dashbod sai an nemo mai kwamfuta. Ƙurar hunturu ba ta raga wa maɓallin gilashi. Na hannu kuwa shekara talatin yana murɗuwa. Jikin roba ba ya tsatsa, in ya fashe a kwance a ɗaura wani. Tsorona ɗaya ne, batir. Ran da ya gaji ba ni da abin da zan yi masa da sifana, kuma kuɗinsa ba na wasa ba ne.

Game da suna, dillalan mota in mota ta cika da kayan alatu ful ofshin suke cewa. Kishiyarta nake ganin kuna nema. Ni tsura zan ce.

Malamar Hausa:
Madalla da Oga. Tsura kalma ce mai kyau, abin da ba a gauraya shi da komai ba, kamar yadda muke cewa tsurar gaskiya. Ba ta zagi, ba ta yabo. Na so in kawo zigidir ko tik, amma waɗannan tsiraici suke nunawa, ba su dace da rediyo ba.

Ɗan kasuwar hatsi:
Hajiya, tsura ta yi mata kara da yawa. Gaya ce. Ku duba yadda cinikin yake. Da farko an yi ta shela cewa ba za ta kai dala 20,000 ba, ashe da rangwamen haraji na dala 7,500 da gwamnatin Amurka ke ba masu sayen irin waɗannan motoci aka yi lissafin. Rangwamen ya ƙare a ƙarshen Satumban 2025, magana ta koma dala dubu ashirin da biyar ko kusa da haka. In ka buga dala a naira 1,500, miliyan 37 da rabi ke nan, ba kuɗin jirgi, ba na kwastan. Sannan kamfanin ya jera kayan ƙari sama da ɗari da zai sayar maka daban: lasifika, ledar da za ka lulluɓe jikin da ita a madadin fenti, har da kayan da za su mai da ta jif mai ɗaukar mutum biyar. Wannan ai mai tuwo ce ta ba ka gaya da arha, ta zauna da tukunyar miya tana jiran ka. Ko a can ƙasarsu akwai Ford Maverick mai ƙofa huɗu da rediyonta da fentinta, farashin farkonta a 2025 bai kai dala 30,000 ba.

Ɗalibi:
Amma Alhaji, mutum sama da 100,000 suka ajiye kafin alƙalami cikin makonni kaɗan da nuna ta.

Ɗan kasuwar hatsi:
Kafin alƙalamin dala 50 ne, ɗana, kuma ana mayar wa mutum in ya fasa. Taya ba saye ba ce.

Mai tambaya:
To jama'a, na gode, kun ba ni fiye da abin da na roƙa. Ga inda na tsaya.

Sunan jinsin motar a rahoto zai zama a-kori-kura mai caji. Kowa zai gane, kuma zai hau kan kowace irinta, ta Amurka ce ko ta Sin, mai alatu ko marar shi. A-kori-fetur ta fi daɗin baki nesa ba kusa ba, har na so in sa ta a kanun labari, amma maganar mai sola ta tsaya mini a rai: sunan yana yin alƙawarin da wutar garinmu ba ta cika ba tukuna. Zan ambace ta sau ɗaya a matsayin laƙabi, in direbobi sun ɗauka shi ke nan, ba ni da ikon hana su.

Tsura da gaya ne suka fi ba ni wahala, don na lura ba a kan kalma Oga makanike da Alhaji suka saɓa ba, a kan motar ne. Wanda ya ga an sauke masa wahala ya ce tsura, wanda ya ga an rage masa mudu ya ce gaya. Mai karanta labari bai kamata ya yanke wa mai sauraro hukunci tun daga suna ba, saboda haka tsura zan rubuta: tsurar a-kori-kura mai caji. Kalma 16 sun dawo huɗu. Amma in za a tambaye ni wadda za ta rayu a tasha, ina jin gaya ce, don Bakatsine ba ya barin kalmar da ke da ɗan yaji ta wuce shi.

Direba:
Malam, na riga na gwada. Na nuna wa yaran tasha hotonta a waya ɗazu bayan la'asar, ban ce masu komai ba. Kwandasta na ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Oga, wannan ai ba a gama ta ba."

Dattijo daga Daura:
To Malam, ka ajiye fensir kusa. Kada ka yi mamaki in shekara ta zagayo ka ji ana kiran lodin Mashi a cikin ba-a-gama-ba.