Wa ya taɓa sayen agogo mai tsada ya koma yana cizon yatsa?

Baban Amira:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so in ji ta bakin waɗanda abin nan ya taɓa samu da kansu. Na daɗe ina tari domin in mallaki agogon Suwizalan mai inji, irin wanda motsin hannu ke wana shi, ba ya buƙatar batir. Gumina ne, ban ci bashi ba, ban kuma taɓa kuɗin cefanen gida ba. Amma tun daren da na shigo da shi wani abu ya tokare mini ƙirji. Da na kwanta sai lissafi ya taso: kuɗin nan da sun biya wa 'ya'yan ƙanwata makaranta, da sun gyara wa mahaifiyata rufin ɗaki, har da saura. Yanzu agogon yana cikin kwalinsa, ko ledar da ke jikin sarƙar ban ɓare ba. Shin wannan nauyin yana wucewa, ko alama ce ta in rabu da shi tun da wuri?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, na bi ta wannan hanya. Ni nawa sai da na rubuta suna a wurin dila na shiga layin masu jira, kuma jiran nan ya fi mini mallakar daɗi. Kullum ina kallon hotunansa, ina karanta yadda injinsa yake. Da ya iso hannuna, cikin 'yan makonni ya zama abu kamar kowane abu na gida. Wannan sanyin da zuciya ta yi shi ya fara tayar mini da hankali, don ban yi tsammaninsa ba.

Abu na biyu, na lura yana gaba da lokacin wayata da 'yan sakanni kowace rana. Na ɗauka matsala ce, ashe haka agogon inji yake. Hukumar COSC da ke gwada su a Suwizalan tana ba agogo shaidar inganci in bai yi jinkirin da ya wuce sakan 4 ba, bai kuma yi saurin da ya wuce sakan 6 ba a rana. Agogon batir mai araha kuwa yakan yi wata guda bai kauce da sama da sakan 15 zuwa 20 ba. Na jima kafin in haɗiye wannan.

Abin da ya warkar da ni shi ne sawa. Na fara ɗaura shi zuwa aiki, ya kuje a gefe, daga nan ya tashi daga kuɗin da na kashe ya koma agogona. Muddin yana cikin kwali, duk lokacin da ka buɗe farashinsa kawai za ka gani.

Ɗan Kasuwa:
Injiniya ya yi sa'a, nasa ciwon na zuciya ne kawai. Nawa har aljihu ya taɓa, kuma zan faɗi yadda aka yi saboda matasan da ke karantawa.

Duk wanda ya bi kasuwar agogo a 2021 ya san haukan da aka yi. Shagunan kamfanoni babu kaya, kuɗin mutane sun taru saboda zaman gida na korona, masu kirifto suna ta samu. A shekarar ce kamfanin agogo na Patek Philippe ya sanar da daina ƙera samfurinsa Nautilus 5711 na ƙarfe, farashin na hannu ya yi tashin gwauron zabo. A Disamba 2021 aka yi gwanjon ɗaya daga cikin irinsa guda 170 masu fuska launin shuɗin kamfanin kayan ado na Tiffany a gidan gwanjo na Phillips a New York, ya tashi a kan dala miliyan 6.5. Kafin nan ma kowa yana ba da labarin agogon Rolex Daytona na ɗan wasan fim Paul Newman da aka sayar a 2017 a kan kusan dala miliyan 17.8. Irin waɗannan labaran su ke sa mutum ya ga kamar duk agogon ƙarfe mai suna jari ne.

A farkon 2022 na cire wani kaso mai tsoka daga jarin shagona na sayi agogo a hannun wani dillali, sama da ninki biyu na farashin kamfani. Ban ma so shi sosai ba, fuskarsa ta yi wa hannuna girma. Niyyata in riƙe shi shekara in sayar. A Maris na shekarar babban bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa, a Mayu kirifto ya rikito, masu riƙe da agoguna suka fito da su kasuwa lokaci guda. Wata bayan wata ina kallon farashi yana zamewa. Dillalin da ya ce mini ko yaushe na dawo zai karɓa, da na koma sai ya taya da abin da ya sa na kasa magana.

Na riƙe, ina cewa zai farfaɗo. A wannan tsakanin kaya suka ƙare a shago ban iya cikewa ba, na rage wa yaran da ke aiki tare da ni alawus. Wannan shi ne abin da ya fi cin raina har yau, domin su ba su ji ba ba su gani ba. Daga ƙarshe na sayar da asara mai nauyi. Baban Amira, in dai ba jari ka taɓa ba, halinka da nawa ba ɗaya ba ne. Amma kada kowa ya ce maka ka riƙe don zai yi riba. Ƙalilan ne daga cikin agoguna ke riƙe darajarsu, mafi yawa da zarar ka fita ƙofar shago sun faɗi.

Ummu Hanifa:
Ku ba ni dama in yi magana daga ɗaya ɓangaren. Maigidana ya sayi irin wannan agogo, ya ce mini kyauta wani abokin aikinsa ya ba shi. Na yi masa murna, har addu'a na yi wa mai kyautar. Bayan wani lokaci ina gyaran durowa na ci karo da rasit da sunansa a jiki. A lokacin muna ɗage maganar canja wa yara makaranta saboda wai babu hali.

Wallahi tsadar ba ta ƙona mini rai kamar ƙaryar ba. Mutumin nan yana fita tun asuba, ya cancanci ya ji daɗin guminsa, da ya faɗa mini da na ce ya dakata kaɗan ko in ce Allah ya sa albarka. Da muka zauna ya ce tun ranar da ya saya bai taɓa ɗaura shi a gabana da sakin jiki ba, kullum yana jan hannun riga yana rufewa. Ashe shi ma yana cikin azaba. Yanzu ya wuce, agogon yana nan, yana sawa, ni ma ban ƙara jin komai ba. Don haka tambayata gare ka, Baban Amira: uwargida ta san nawa ka saya?

Baban Amira:
Hajiya, ta sani, tare ma muka yi shawara. Mahaifiyata ce ba ta sani ba, kuma da na karanta maganarki na gane a nan ne abin ya fi tsaya mini. Ba ta taɓa roƙona gyaran rufin ba, ni ne na san yana yoyo.

Ummu Hanifa:
To ai ka samo bakin zaren. Ka fara da rufin Mama, ko da kaɗan-kaɗan ne, sannan ka sake duba agogon ka ji abin da zuciyarka za ta ce.

Malama Mai Nazari:
Ni a fannin nazarin halayyar ɗan Adam nake, kuma na taɓa sayen ƙaramin agogon zinare bayan ƙarin girma a wurin aiki, na yi mako ina jin kamar na yi sata. Akwai masani ɗan Amurka, Leon Festinger, wanda a 1957 ya yi bayanin rashin natsuwar da mutum ke shiga idan aikinsa ya saɓa wa yadda yake ɗaukar kansa. Wanda ya taso yana ganin kansa mai tattali, ranar da ya kashe kuɗi masu yawa a kan ado sai zuciyarsa ta tuhume shi, ko da bai zalunci kowa ba. Waɗanda suka tashi cikin rashi sun fi fama da wannan, ni ma cikinsu nake. Irin wannan nadamar tana lafawa da kanta. Wadda ba ta lafawa ita ce wadda ke da haƙƙin wani a ƙarƙashinta, kamar bashi, ko ɓoye-ɓoye, ko wani nauyi da aka tsallake.

Abu Sadik:
Ni dai ban yi nadama ba, kuma ina ganin ya kamata a ji irin namu ma. Omega Speedmaster ne da ni, irin wanda 'yan sama jannatin Apollo 11 suka je duniyar wata da shi a 1969. Tun ina yaro nake son labarin sararin samaniya. Kowace safiya ina wana shi da hannuna, ina jin daɗin hakan har yau. Na saye shi na hannu, bayan na tabbatar ba wanda ke bina ko sisi, kuma shi kaɗai gare ni. Ba ni da niyyar ƙara na biyu.

Tsohon Mai Gyara:
'Ya'yana, na tsufa a kan teburin gyaran agogo, bari in ƙara muku abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba.

Agogon inji yana da ɗawainiya bayan saye. A cikinsa akwai ƙananan sassa sama da ɗari, da mai da ke bushewa ko ana sawa ko ba a sawa. Rolex yana ba da shawarar a yi sabis kusan duk shekara 10, wasu kamfanonin suna cewa ƙasa da haka. Sabis ɗin nan, in a wurin kamfani ne, kuɗinsa kaɗai zai sayi agogon batir masu kyau da yawa. Ga inshora ga wanda ke tsoron sata. Mutane da dama da suka zo mini da fuska a murtuke ba ranar saye nadamarsu ta fara ba, ranar da suka ji kuɗin sabis ne.

Sannan ku san abin da kuke saye. A Disamba 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da kwatz, wato irin agogon batir na yau, da aka sa a kasuwa. Cikin shekaru kaɗan agogon batir ya cika duniya, ya fi na inji daidaito, ya fi shi araha. Ma'aikatan agogo a Suwizalan sun ragu daga kusan 90,000 a 1970 zuwa kusan 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. Kamfanonin da suka tsira sun tsira ne da sayar da aikin hannu da tarihi da suna. Wanda ke son waɗannan, kuma yana da hali, zai ji daɗin kayansa shekara da shekaru, har ya bar wa ɗansa. Wanda ya saya don a gan shi, yakan gane da wuri cewa yawancin mutane ba sa ma kallon hannunsa, waɗanda ke ganewa kuma wani lokaci ɓarayi ne.

Ni kaina na taɓa sayen wani tsohon agogo mai tsada a lokacin da 'yata ke shirin shiga jami'a, saboda injinsa ya burge ni. Ban iya barci ba sai da na sayar da shi na biya mata kuɗin rajista. Har yau ina tuna kyan injin nan, amma ban taɓa cewa da ma na riƙe shi ba.

Matashi:
Baba, ni halina ya fi na kowa muni a nan. Da katin bashi na sayi nawa, ina biya duk wata da ruwa a kai, kuma albashina ba ya kai ƙarshen wata. Abokan aikina duk suna da irinsa, na ji kamar ni kaɗai aka bari a baya. Yanzu ko kiran banki na gani gabana faɗuwa yake. Ban faɗa wa kowa ba sai yau. In zan sayar, ta ina zan fara don kada a cuce ni?

Ɗan Kasuwa:
Ƙanena, kada ka yi irin jiran da na yi. Ruwan bashin yana hawa kullum, agogon kuma ba ya hawa. Ka karɓi asarar yanzu tana ƙarama.

Tsohon Mai Gyara:
Yaro, ka yi ƙoƙari da ka faɗa. Ka fara duba rasit ɗinka. Wasu shagunan suna karɓar kaya cikin ƙayyadadden lokaci in ba a sa ba, kuma a ƙasashen Tarayyar Turai wanda ya saya ta intanet yana da kwana 14 na mayarwa a doka. In lokacin ya wuce, ka tattara kwali, da katin garanti, da rasit, da gaɓoɓin sarƙar da aka cire lokacin da aka daidaita maka ita, domin agogo mai cikakkun takardu ya fi wanda ba shi da su daraja sosai. Kada ka kai a goge maka shi don ya yi ƙyalli, masu saye sun fi son ƙarfen da ba a taɓa ba, gogewa tana cinye kaifin gefensa. Ka nemi tayi daga dillalai uku ko huɗu kafin ka amsa wa kowa, ka kuma duba nawa irinsa ya tashi a cinikin da aka kammala, kada ka tsaya a farashin da masu talla ke rubutawa. In mutum za ka sayar wa kai tsaye, ku haɗu a wuri mai tsaro da rana, kada agogon ya bar hannunka sai ka ga kuɗi sun zauna a asusunka. Abin da ka samu kuma ka zuba shi gaba ɗaya a kan bashin a ranar, kafin wata buƙata ta taso.