Ƙanina na kan bizar ziyara a Jidda: wace hanya zai bi ya samu iƙama (takardar izinin zama a Saudiyya)?

Abu Khadija: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanina ya shigo da bizar ziyarar iyali da na nema masa, saura kwana 40 ta ƙare. Wani kamfanin gine-gine na son ɗaukarsa aikin wayarin, amma sun ce sai ya koma Najeriya tukuna. Wani dillali kuma ya ce zai samo masa kafili (wanda zai tsaya masa a hukumance a matsayin mai gidan aikinsa) ya yi masa iƙama ba tare da ya fita ba, ya riƙa biyan kafilin wata-wata yana aikinsa inda ya ga dama. Kuɗin jirgi ne ke damunmu. Wanne za mu ɗauka?

Malam Sani Misfala: Wa alaikumus salam. Kamfanin ne ya faɗa muku gaskiya. Ba a juya bizar ziyara ko ta Umra ta koma iƙamar aiki mutum yana cikin ƙasa. Kamfani ne zai fitar da bizar aiki ta Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago na intanet, ya aika wakala (takardar wakilci) ga ejan a gida. Ƙaninka ya fita kafin kwanakinsa su cika, ya yi gwajin lafiya a asibitin da ofishin jakadancin Saudiyya ya amince da shi, a buga masa biza, sannan ya dawo. Daga ranar shigowa kamfani na da kwana 90 ya sake masa gwaji, ya biya inshorar lafiya, ya fitar da iƙama. Kuɗin ɗauko ma'aikaci da na iƙama da lasisin aiki, dokar ƙwadago ta ɗora su a kan mai ɗauka ne. In sun ce ku biya, ku ja baya.

Kafin ya sayi tikiti, ku nemi lambar biza da kwafin yarjejeniyar aiki mai albashi a rubuce. Alkawarin baki ba ya fitar da biza.

Hajiya Umm Faisal: Don Allah ɗan'uwa ka rabu da dillalin nan. Ko da ya samo bizar, abin da ake kira biza hurra ne, wato bizar da mutum ke saya ya yi aiki inda ya ga dama, kuma doka ba ta san da ita ba. Wanda aka kama yana yi wa wani aiki ba kafilinsa ba, tara ce da tsarewa da tarhil, wato kora zuwa gida. Yawanci kuma bizar direban gida ake sayarwa don ta fi araha, a nan matsalar take. Sauyin da aka fara a watan Maris na 2021, wanda ya ba ma'aikaci damar canja wurin aiki bayan shekara ɗaya ba sai kafili ya yarda ba, bai shafi ma'aikatan gida ba. Su ta Musaned, shafin gwamnati na ma'aikatan gida, ake tafiyar da su. Ranar da ƙaninka ya makara da kuɗin wata, kafili na iya buga masa hurub, wato ya kai rahoton cewa ya gudu daga aiki, daga nan ba sabunta iƙama.

Abu Khadija: Allah ya saka da alheri. To in bizar kamfanin ta yi jinkiri, zai iya jira a nan?

Malam Sani Misfala: Sai dai ka tsawaita masa bizar ziyarar ta Absher, manhajar ma'aikatar cikin gida, kafin ta ƙare, da sabuwar inshora, in nau'in bizarsa ya ba da dama. Kuma kada ya fara zuwa wurin aikin "don gwaji", mai ziyara ba ya aiki. Wuce wa'adi na iya jawo tarar da ta kai riyal 50,000 da ɗaurin wata 6 da kora, kai ma da ka gayyato shi hukuncin na iya hawa kanka. An ɗauki zanen yatsunsa tun a filin jirgi, don haka sabon fasfo ba zai goge komai ba.

Ɗan Kano Riyad: Ƙari ɗaya: ku duba sana'ar da aka rubuta a bizar, ta zama ta lantarki ce ba lebura ba, domin ita hukuma ke kallo in ya tashi ɗauko matarsa. Ya kuma sa a lissafinsa cewa kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamarsa riyal 400 ne a wata.